Canjin man giya da man aksul a mota

Canjin man giya da man aksul aiki ne na kula da mota, inda ake zubar da tsohon man da ke cikin sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, a zuba sabo. Sassan su ne akwatin giya, da aksul da ke isar da juyi ga tayoyi, sannan a motar da tayoyinta huɗu ke ja akwai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kowanne da nasa man, kuma ba ɗaya suke da man inji ba. Mai mota na iya kai ta wurin dilan kamfanin da ya ƙera ta, ko garejin bakanike mai zaman kansa, ko ya yi aikin da hannunsa.

Ire-iren man

A giyar hannu da aksul, aikin mai shi ne hana haƙoran ƙarfe cin juna. Galibi mai kauri ne, kamar 75W-90 ko 80W-90, kuma ana raba shi aji-aji: GL-4 da GL-5. GL-5 ya fi yawan sinadarin sulfa da fosfaras, don haka ya dace da aksul inda matsi ke da tsanani, amma yana iya cutar da zobban tagulla na wasu akwatunan giyar hannu, giya ta fara gardamar shiga.

Giyar otomatik kuwa lamarinta daban ne. Man da ke cikinta, wanda ake kira ATF, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin konbata, wato sashen da ke haɗa inji da akwatin giya, shi ke danna faranten kuloci su kama ko su saki, shi ke kwashe zafi. Kamfanin General Motors ya fito da ma'aunin ingancin ATF mai suna Type A a 1949, sannan Dexron a 1967, Ford kuma ya kawo Mercon a 1987. Yau kusan kowane kamfani da nasa: Toyota na da WS, Honda na da DW-1, Nissan na da NS-2 da NS-3 don giyar CVT mai aiki da bel na ƙarfe. Zuba man da bai dace ba shi ne kuskure mafi tsada a wannan aiki, domin giyar CVT da aka ɗura wa ATF na gama-gari takan fara zamewa ta lalace.

Zafi ne babban abin da ke tsufar da mai. Jan kaya masu nauyi, hawan tudu da tsayuwa cikin cunkoso duk suna gaggauta shi. Sabon ATF yawanci ja ne garau. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, alama ce ta cewa faranten kuloci sun sha wuya. Wasu kamfanoni na cewa man giyarsu na tsawon ran mota ne, amma kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giyar motoci irin su BMW, yana ba da shawarar a canza shi. Maganarsa ta fi cancantar a bi ga duk wanda ke son motarsa ta daɗe.

Dila ko hannun mai mota

Man aksul da na giyar hannu su ne mafi sauƙi. Noti biyu ne: na zubarwa a ƙasa, na cikawa a gefe. Ƙa'idar da masu aikin ba sa wasa da ita ita ce a fara kwance na cikawa, don idan aka riga aka zubar da mai sannan na cikawar ya ƙi motsi, mota ta zauna ke nan. A kan notin ƙasa sau da yawa akwai maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe mai kama da toka ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi da ake ji a yatsa na nuna wani abu na karyewa a ciki. Ana ɗura sabon mai da ɗan famfon hannu har ya fara tsiyaya daga ramin cikawa, a sa sabuwar washa, a ɗaure daidai gwargwado. Dole motar ta tsaya a miƙe bisa ƙafafun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Otomatik ta zamani ce ke sa mutum ya yi tunani sau biyu. Da yawansu ba su da sandar awon mai. Ana gane ya cika ne ta notin ambaliya, inda rarar mai ke tsiyayowa, inji na aiki, man kuma yana cikin wani taƙaitaccen zafi, galibi tsakanin digiri 30 da 50 na Salshiyas, saboda mai na kumbura idan ya ɗumama. Karanta wannan zafi na buƙatar na'urar kwamfuta da ake jonawa da motar. Idan man ya gaza giya ta yi ta fizga, idan ya yi yawa ya yi kumfa. Nan ne dila ya fi ƙarfi: yana da na'urar, da man kamfani, kuma aikin na shiga tarihin motar, abin da ke da amfani ranar sayarwa. Kuɗinsa dai ya fi yawa.

Zubarwa ta notin ƙasa na fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man otomatik ne kawai, saura na maƙale a konbata da bututun sanyaya. Masu yi da kansu sukan maimaita aikin bayan sun ɗan tuƙa motar. Gareji kuma na iya musanya kusan duka da wata na'ura ta musamman, sai dai Honda, alal misali, zubarwa da cikawa take ba da shawara.

Batun garanti ya danganta da dokar ƙasa. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ba a wurin dilansa aka yi aikin ba, amma yana iya ƙin biya idan man da aka zuba ne ya jawo ɓarnar. Saboda haka wanda ya yi da kansa ya adana rasitin mai, ya rubuta kwanan wata da adadin kilomita. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a kai wurin da ake karɓarsa, domin yana gurɓata ƙasa da ruwan sha.