Waiwaye: Yadda ɗan jarida ya shigo wasan talabijin

A rumfar wani mai shayi kusa da kasuwar Wunti a garin Bauchi, wasan da ake kallo ya kai inda ɗan jarida ya karɓi ambulan daga yaron wani ɗan siyasa, ya koma ofis ya rubuta abin da bai faru ba. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, wannan ai ba wasa ba ne, mun san su." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na taɓa bin layin karɓar "kuɗin mota" bayan taron manema labarai.

A da ba kasafai ake ganin irin wannan a akwatin talabijin ba. Wasannin zamanin su Usman Baba Pategi da Kasimu Yero sun fi zolayar soja da maigida da ɗan kasuwa mai ha'inci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An kafa NTA, gidan talabijin na ƙasa, a 1977, kuma har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da ikon mallakar rediyo da talabijin a Najeriya. Gidan da gwamnati ke biya wa albashi ba zai tona yadda ake murɗe labari ba, tunda a ɗakin labaransa ake murɗewar.

A wancan zamani ma ba maƙaryaci ne ke kwana a gidan yari ba. Doka mai lamba 4 ta 1984, lokacin mulkin soja na Janar Buhari, ta tanadi hukunci a kan labarin da ya kunyata gwamnati. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, saboda labarin naɗin jakadu. Ranar 19 ga Oktoban 1986 kuma bam ɗin da aka aika cikin ƙunshin wasiƙa ya kashe ɗan jarida Dele Giwa a Legas. Wanda ya ga haka ya koyi kame baki, wani kuma ya koyi cewa yabon mai mulki ya fi kawo tuwo.

Dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, amma wasan Hausa ya daɗe bai leƙa ɗakin labarai ba, soyayya da rikicin kishiyoyi suka cika kaset. Sai da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan ta kawo wasan Kwana Casa'in a 2019, aka ga siyasa da aikin jarida sun zama ƙashin bayan labari, a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa. A gidaje da yawa a nan Bauchi, a nan ne yara suka fara ganin yadda ake sayen labari da yadda ake binne shi.

Inda nake da ja da irin waɗannan wasanni shi ne ƙarshensu. Mai rubutu yakan tanadar wa maƙaryaci ranar ƙin dillanci: asiri ya tonu, a kore shi, ya yi kuka. Ba a cika nuna mai gidan jaridar da ke riƙe albashi wata da watanni ba, yana cewa katin shaidar aiki ya ishi mutum ci. Ba a kuma daɗewa a kan wanda ƙaryar ta faɗa wa. A Yunin 2018, bayan kashe-kashen yankin Barikin Ladi a jihar Filato, an yaɗa hotuna a Facebook waɗanda wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma aka tare matafiya a hanya aka kashe. Duk mai ɗan'uwa da ke bin hanyar Jos ya san yadda aka yi ta kiran waya a kwanakin. Waɗanda suka tura hotunan ba su da edita, balle wanda zai kore su.

Kafin a gama wasan a rumfar, wani matashi ya kunna saƙon murya a WhatsApp, wai an rufe hanyar Ningi. Mutum uku suka ce ya tura musu. Dattijon nan ya miƙa tasa wayar, "Ɗana, sa min ni ma."