Pumas UNAM

Pumas UNAM, wadda cikakken sunanta shi ne Club Universidad Nacional, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke birnin Meksiko, tana buga gasar rukunin farko ta ƙasar. Babbar jami'ar ƙasar, UNAM, ita ce ta haife ta. Ana lissafa ta cikin manyan ƙungiyoyi huɗu na Meksiko, tare da América da Guadalajara da Cruz Azul. Laƙabinta ya fito ne daga puma, wata dabbar dawa dangin damisa, kuma ta gaje shi, haɗe da launin shuɗi da ruwan zinariya, daga ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar wadda ta girme ta.

Tun a 1937 shugaban jami'ar, Luis Chico Goerne, ya nemi a shigar da ɗalibansa babbar gasa, amma abin bai yiwu ba. Sai a 1954, zamanin shugaban jami'a Nabor Carrillo, aka karɓi ƙungiyar a rukuni na biyu, ta fara da Monterrey a watan Satumba. Farkon bai yi armashi ba. Ɗalibai ne ke karawa da waɗanda ƙwallo ce sana'arsu, har ta kai ƙungiyar ta janye na shekara guda don ta sake shiri. A watan Janairun 1962 ta haura rukunin farko a hannun koci Octavio Vial.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba Pumas kamanninta. An ɗauko koci Renato Cesarini daga Ajantina, shi kuma ya dage a kan a riƙa renon yara tun suna ƙanana maimakon sayen taurari da jami'a ba ta da kuɗinsu. Wannan shawara ta ɗauki lokaci kafin ta yi 'ya'ya, amma ita ce mafi alheri da ƙungiyar ta taɓa yankewa. A 1975 aka miƙa tafiyar da harkokin kuɗinta ga wata majalisar amintattu, don kada nauyin ya danne jami'ar. A shekarar ta ci Kofin Meksiko.

Kambun gasa na farko ya zo a kakar 1976-77, kuma wasan ƙarshen da wata ƙungiyar jami'a aka yi shi, ta Guadalajara. Gwarzon lokacin shi ne Cabinho ɗan Brazil, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar shekara huɗu a jere yana sanye da rigar Pumas. A gefensa wani yaro ɗan gida yake tasowa, Hugo Sánchez, wanda ke karatun likitan haƙori a jami'ar yana kuma buga mata ƙwallo. Da shi aka doke Cruz Azul aka ɗauki kambu na biyu a 1980-81, daga nan ya wuce Atlético Madrid, sannan Real Madrid, ya zama zakaran masu zura ƙwallo a Sifaniya har sau biyar. Kocin wancan zamani, Bora Milutinović, ba baƙo ba ne ga 'yan Najeriya, domin shi ya jagoranci Super Eagles a gasar cin kofin duniya ta 1998. Shekarun nan kuma Pumas ta ci kofin zakarun yankin CONCACAF, wato Arewaci da Tsakiyar Amurka da Karibiyan, a 1980 da 1982, ta ƙara a 1989.

Magoya baya ba sa manta 1991. América ta riga ta doke su a wasannin ƙarshe biyu, sai da suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na wannan shekara, ɗan wasan Pumas Ricardo Ferretti ya buga bugun tazara mai ƙarfi da ya raba gardama. Yawancin 'yan wasan da suka ɗaga kofin renon gida ne, irin su Jorge Campos da Claudio Suárez da Luis García, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙan tawagar ƙasa.

Hugo Sánchez ya dawo a matsayin koci, ya ci kambu biyu a jere a 2004, ya kuma je Madrid ya doke Real da ci 1-0 a wasan kofin Santiago Bernabéu. A 2005 Boca Juniors ta hana su Copa Sudamericana, kofin ƙungiyoyin Kudancin Amurka, a bugun fanareti. Kambu na shida ya zo a 2009, na bakwai a 2011. Bayan nan ta sha kaye a wasan ƙarshe na gida a 2015 da 2020, da na CONCACAF a hannun Seattle Sounders a 2022.

Filinta, Estadio Olímpico Universitario, yana cikin harabar jami'ar. An buɗe shi a 1952, ya karɓi baƙuncin wasannin Olimfik na 1968 da wasu wasannin kofin duniya na 1986, kuma a bangonsa akwai aikin duwatsu na mai zane Diego Rivera. Kafin a take wasa, 'yan wasa da 'yan kallo kan ɗaga dunƙulallen hannu su rera taken jami'ar.