Muhawarar Sarauta da Jamhuriya a Birtaniya

Muhawarar sarauta da jamhuriya a Birtaniya jayayya ce tsakanin masu son shugabancin ƙasa ya ci gaba da zama gadon gidan Windsor da masu son jama'a su riƙa zaɓen shugabansu. A tsarin da ake bi yanzu sarki ne shugaban ƙasa, amma mulki yana hannun firaminista da majalisar dokoki. Sarki Charles na Uku, wanda ya gaji mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta Biyu ranar 8 ga Satumba 2022, shi ne kuma shugaban wasu ƙasashe 14, ciki har da Kanada, Ostireliya da Jamaika. Ana taƙaddama a kan kuɗi da kan adalcin gado, amma zancen ya fi zafi idan aka zo kan kishin ƙasa da yaƙe-yaƙen duniya biyu, domin a nan kowane ɓangare yake neman babbar hujjarsa.

Asalin jayayyar

Ingila ta taɓa zama babu sarki. Bayan yaƙin basasa tsakanin fada da majalisa, an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a Landan ranar 30 ga Janairu 1649, aka soke sarauta. Ba a jima ba iko ya koma hannun soja. Oliver Cromwell ya riƙe ƙasa daga 1653 har rasuwarsa a 1658, ɗansa Richard ya gaje shi ya kasa, a 1660 aka dawo da Charles na Biyu. Shekaru 11 ɗin nan sun ɓata wa jamhuriya suna na tsawon lokaci, musamman a Ailan, inda har yau ba a manta da kisan da sojojin Cromwell suka yi a garin Drogheda ba.

Sarautar da ta dawo kuma ba ta daɗe da cikakken ikonta ba. An tuɓe James na Biyu a 1688, dokar haƙƙoƙi ta 1689 ta hana sarki ɗora haraji ko dakatar da doka ba tare da yardar majalisa ba. Tun 1708, zamanin Sarauniya Anne, babu mai sarautar da ya sake ƙin sa hannu a dokar da majalisa ta zartar. Sakin iko sannu a hankali shi ya tsare gadon sarautar, domin wanda ba shi ke yanke hukunci ba da wuya a ɗora masa laifin hukuncin.

Ra'ayin jamhuriya ya sake ɗagowa wajen 1870, lokacin da Sarauniya Victoria ta daɗe cikin zaman makokin mijinta Albert, jama'a ba sa ganinta. An buɗe ƙungiyoyin jamhuriya a birane da dama, ɗan majalisa Charles Dilke ya fito fili a 1871 yana sukar kuɗin da fada ke ci. A ƙarshen shekarar zazzaɓin taifot ya kusa kashe yarima mai jiran gado, tausayi ya juya zukata, yunƙurin ya lafa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya sa gidan sarauta cikin tsaka mai wuya. Sarki George na Biyar da Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu jikokin Victoria ne su duka, kuma sunan gidan na Jamusanci ne, Saxe-Coburg da Gotha. Ranar 13 ga Yuni 1917 jiragen Jamus, waɗanda su ma Gotha ake kiransu, suka jefa bamabamai a Landan suka kashe mutum 162, cikinsu yara 18 a wata makarantar firamare. Ranar 17 ga Yuli sarki ya sauya sunan gidansa zuwa Windsor. A shekarar ce kuma ya matsa wa gwamnati ta janye tayin mafakar da ta yi wa ɗan'uwansa Sarkin Rasha Nicholas na Biyu bayan an sauke shi daga mulki, don tsoron fushin ma'aikata. An kashe Nicholas da iyalinsa a Yuli 1918. Yaƙin ya tafi da sarautun Rasha, Jamus da Ostiriya, ta Turkiyya ta biyo baya a 1922, ta Birtaniya kuwa ta fito da ƙarfinta.

Daga nan fada ta haɗe da jimamin mamata. George na Biyar ne ya kira jama'a su yi shiru na minti biyu ranar 11 ga Nuwamba 1919, shi ya buɗe hasumiyar tunawa da 'yan mazan jiya a titin Whitehall na Landan a 1920. Har yau sarki ne ke jagorantar ajiye furanni a can kowane Nuwamba.

Yaƙin Duniya na Biyu

Nan ne ginshiƙin hujjar masu goyon bayan sarauta. Jiragen Hitler sun fara ruwan bamabamai a Landan ranar 7 ga Satumba 1940, hare-haren da suka kashe fararen hula fiye da 40,000 a faɗin ƙasar. Sarki George na Shida da matarsa Elizabeth ba su bar ƙasa ba. Ranar 13 ga Satumba bam ya faɗa Fadar Buckingham suna ciki, suka ci gaba da zagaya unguwannin talakawa da aka rusa suna yi wa mutane jaje. Ƙanin sarki, Yarima George na Kent, ya mutu a haɗarin jirgin soja a 1942. 'Yar sarki Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta shiga rundunar mata a 1945 ta koyi tuƙi da kanikanci. Ranar 8 ga Mayu 1945 iyalan sarki suka fito barandar fada tare da Firaminista Winston Churchill, dubban mutane na murnar nasara a ƙasa. Wannan tsayuwa gaskiya ce, kuma ta cancanci girmamawar da ake yi mata. Idan aka dubi Italiya, inda Sarki Victor Emmanuel na Uku ya mara wa Mussolini baya, jama'a suka soke sarauta ta ƙuri'ar raba gardama a 1946, za a ga cewa halin da sarki ya nuna a lokacin yaƙi yana iya tsare gadonsa ko ya rushe shi.

Masu ra'ayin jamhuriya suna da nasu shafin a wannan tarihi. Sarki Edward na Takwas, yayan George na Shida, wanda ya yi murabus a Disamba 1936, ya ziyarci Jamus a 1937 ya gana da Hitler. Da bai sauka ba, shi ne zai kasance bisa gado lokacin yaƙin, kuma babu ƙuri'ar da za ta cire shi. George na Shida da kansa ya fito baranda da Firaminista Neville Chamberlain a Satumba 1938 bayan yarjejeniyar Munich da aka ƙulla da Hitler, tun majalisa ba ta tattauna ta ba. Suna ƙara da cewa talakawa ne suka ci yaƙin da jininsu da guminsu, su ne kuma suka kayar da Churchill a zaɓen Yuli 1945, suka kawo gwamnatin jam'iyyar Labour ta Clement Attlee wadda ta kafa hukumar kula da lafiya kyauta a 1948. A wurinsu wannan ma kishin ƙasa ne.

Akwai waɗanda ɓangarorin biyu suka daɗe ba sa ambato. Sojojin Indiya kusan miliyan biyu da rabi sun yi yaƙin da sunan sarki. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu ɗauke da 'yan Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya, sun fafata da Japanawa a dazuzzukan Bama, Hausawa da yawa na cikinsu. Kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na turawa ba ko kusa. Sai a 2021 gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa kan dubban sojojin Afirka da Asiya na yaƙin farko da ba a rubuta sunayensu a maƙabartu ba. Duk labarin kishin ƙasar Birtaniya da ya tsallake waɗannan mutane bai cika ba. Ƙasashensu kuwa sun zaɓi jamhuriya bayan 'yanci: Indiya a 1950, Gana a 1960, Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1963.

Halin da ake ciki yau

Abin da ke wahalar da masu ra'ayin jamhuriya shi ne alamomin ƙasa duk sun ratsa ta kan sarki. Taken ƙasa addu'a ce a gare shi, sojoji da alƙalai shi suke yi wa rantsuwa, ɗan majalisar da ya ƙi yi masa mubaya'a ba zai zauna a zauren ba. 'Yan jam'iyyar Sinn Féin na Arewacin Ailan suna cin zaɓe amma ba sa zama. Saboda haka sukar sarauta takan yi kama da sukar ƙasa, ko da mai sukar tsohon soja ne.

Magoya baya suna cewa shugaban da ba shi da jam'iyya yana haɗa kan jama'a, suna nuni da Norway, Denmark da Holan, masu sarakuna kuma masu ingantacciyar dimokuraɗiyya. Abokan hamayyarsu suna amsawa da shugaban Ailan, wanda ake zaɓa kuma ba ya mulki. Suna kuma kawo abin da ya faru a 2019, lokacin da firaministan wancan lokaci Boris Johnson ya ba Sarauniya Elizabeth ta Biyu shawarar dakatar da majalisa, ta amince don ba ta da hurumin ƙi, sai Kotun Ƙoli ce ta soke matakin. Ta fuskar kuɗi, tallafin da gwamnati ke ba fada ya kai fam miliyan 86.3 a shekarar da Sarauniya ta rasu, ban da kuɗin tsaro da abin da ke shigowa daga filayen gadon gidan sarauta na Lancaster da Cornwall.

Ƙungiyar Republic, wadda aka kafa a 1983, ita ce kan gaba wajen neman a soke sarauta. 'Yan sanda sun kama shugabanta Graham Smith ranar naɗin Charles, 6 ga Mayu 2023, suka sake shi ba tuhuma. Binciken ra'ayin jama'a yana nuna cewa masu son sarauta sun fi yawa har yanzu, sai dai goyon bayan ya fi ƙarfi a wurin dattawa, ya yi rauni a wurin matasa da mutanen Scotland. Barbados ta zama jamhuriya ranar 30 ga Nuwamba 2021, Ostireliya kuwa ta ƙi hakan a ƙuri'ar 1999. A Birtaniya kanta, daga Labour har Conservative babu wadda ta sa soke sarauta cikin manufofinta na zaɓe.