Labaran Makirci

Labarin makirci wani reshe ne na ƙagaggun labarai da fina-finai. A cikinsa mutum ɗaya, ɗan jarida ko malami ko ɗan leƙen asiri, kan tsinci bakin zaren wani sirri da manya suka binne, ya yi ta binsa alhali ana farautar ransa. Gwanin marubuci ba ya sakin sirrin gaba ɗaya. Kowane babi yakan tsaya ne daidai inda mai karatu ba zai iya ajiye littafin ba.

Daɗin irin wannan labari bai rataya ga gaskiyarsa ba. A 1971 Frederick Forsyth, ɗan jaridar Ingila da ya ɗauko rahotannin yaƙin Biyafara, ya fitar da The Day of the Jackal, labarin wani maharbi da aka yi hayarsa ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle. An kai wa de Gaulle hari na gaske a watan Agustan 1962 ya tsira, kuma ya mutu a gidansa a 1970. Ke nan duk wanda ya buɗe littafin ya san maharbin ba zai yi nasara ba, amma hankalin mai karatu na kan yadda maharbin ya samo fasfo na jabu, da yadda aka ƙera masa bindiga aka ɓoye ta cikin sandar dogarawa ta guragu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta, an gina shi ne kan ƙullin da Waziri ya shirya wa ɗan sarki, da dabarar aku ta tsare yaron da labari har gari ya waye. Ita kuwa tatsuniya tun farko ba ta ruɗin kowa, domin mai yin ta kan rufe da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya.

A Sakkwato yau, matasa sun fi samun waɗannan labarai ta waya, wajen masu tura fina-finai, da yawa an fassara su da Hausa. Da dare a teburin mai shayi sai gardama ta kaure kan wane ne maci amanar, ba wanda ya damu ko abin ya taɓa faruwa. Wannan nishaɗi ne mai kyau, yana kuma wasa ƙwaƙwalwa.

Inda matsala take shi ne idan marubuci ya sa wa ƙirƙira rigar tarihi, abin da ba ƙarami ba ne a garin da malamai ke tambayar asalin ruwaya kafin su karɓe ta. Marubuci Dan Brown ya buɗe ƙagaggen littafinsa The Da Vinci Code, wanda ya fito a 2003, da shafin da ke cewa wata ƙungiyar asiri mai suna Priory of Sion gaskiya ce, an kafa ta a 1099. Masu bincike sun nuna cewa wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya yi mata rajista a 1956, daga baya aka cusa takardun jabu a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris don a ba ta tsohon tarihi. Malaman Kirista da masana tarihi sun ƙaryata abin da littafin ya jingina wa Annabi Isa (AS). Duk da haka an sayar da miliyoyin kwafi, aka kuma mayar da shi fim a 2006.