Haɗa Monita da Laftof: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Da wuya mako ya wuce wani bai shigo mini da monita a kwali ba, ransa a ɓace, yana cewa ta ƙi kamawa da laftof ɗinsa. Galibi idan na duba, monitar lafiyarta ƙalau, laftof ɗin ma haka. Tun a kasuwa aka yi kuskuren: an biya kuɗin allo kafin a leƙa gefen laftof a ga irin ramin da take da shi. Abin yana damuna, domin kuɗi ne da aka sha wuya kafin a tara. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Malam, laftof ai tana da allonta. Me zan yi da wani kuma?

Idan kallo da duba saƙo kawai kake yi, ka riƙe kuɗinka. Amma mai lissafi a Excel, da ɗalibin da ke rubuta furojet yana buɗe littattafai uku, da mai zane ko yanka bidiyo, allon inci 14 yana takura musu. Yawancin laftof na hannu da ake kawowa ɗigon hotonsu 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, shi ya sa layi kaɗan kake gani sai ka yi ta gungurawa. Ga kuma wuya. Mai laftof kullum a sunkuye yake, ita kuwa monita kana iya ɗaga ta har samanta ya zo daidai da idonka, nisanta kamar tsawon hannunka.

Ta ina zan fara?

Daga laftof ɗinka. Ɗauki hoton gefenta na dama da na hagu, ka tafi kasuwa da shi, ko ma ka tafi da ita kanta.

Idan ka ga rami mai ƙananan huji 15 a layi uku, sau da yawa shuɗi, wannan VGA ne. Kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, kuma hoto kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti. Yana aiki har yau, sai dai idan wayar ta yi tsawo ko ba ta da kyau za ka ga rubutu yana inuwa. HDMI shi ne irin na bayan talabijin, yana kai hoto da sauti a waya ɗaya. Shi ma hawa-hawa ne: na 1.4 yana iya kai hoton 4K, wato mai yawan ɗigo sosai, amma sau 30 kawai yake sabunta shi a daƙiƙa, sai ka ga linzami yana tafiya kamar yana jan ƙafa. Na 2.0, wanda ya fito a 2013, shi ne ya kai sau 60. Don haka tsohuwar laftof mai HDMI 1.4 ba za ta ba ka daɗin monita 4K ba, komai tsadarta.

Akwai kuma DisplayPort, wanda mutane da yawa ke ɗauka HDMI ne saboda kama. Duba da kyau: HDMI kusurwoyinsa biyu na ƙasa ne a yanke, DisplayPort kusurwa ɗaya. Tsofaffin HP EliteBook da ThinkPad da suka cika kasuwanninmu da yawansu DisplayPort ne da su, babba ko ƙarami. Na ga waɗanda suka karya ramin wajen tura wayar HDMI da ƙarfi. Abin da bai shiga da sauƙi ba, ba wurinsa ba ne.

Tawa sabuwa ce, ƙananan ramukan USB-C kawai gare ta. Za ta yi?

Nan ne aka fi asarar kuɗi. USB-C siffar rami ce kawai, abin da ke bi ta cikinsa kuwa ya danganta da yadda kamfani ya haɗa shi a ciki. Wani yana ɗaukar fayil kaɗai, wani fayil da caji, wani kuma har da hoto. Ramuka biyu na iya zama gefe ɗaya, kamarsu ɗaya, ɗaya yana fitar da hoto ɗayan ba ya yi.

Duba alamar da ke kusa da ramin. Idan ƙaramar walƙiya ce mai kibiya, Thunderbolt ne, yana fitar da hoto. Idan harafin D ne mai P a ciki, shi ma yana yi. Idan babu alama, juya laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta, ka nemi bayaninta a shafin kamfanin. Waya ma haka take: wayar cajin da ta zo da wayar salularka mai yiwuwa caji kawai take yi da ɗan fayil. Amma idan komai ya dace, ban san abin da ya kai USB-C daɗi ba. Waya ɗaya tana kai hoto monita, ita kuma monitar tana mayar wa laftof caji ta cikinta, muddin wat ɗin da take bayarwa ya kai na cajarka, wanda ga laftof ɗin ofis yawanci 45 ne ko 65.

Laftof HDMI, monita VGA. Adafta za ta haɗa su?

Za ta haɗa, amma adafta hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi don HDMI zuwa VGA ba za ta yi VGA zuwa HDMI ba, domin akwai ƙaramar na'ura a cikinta da ke juya siginar ta fuska ɗaya. Faɗa wa mai shago abin da ke jikin laftof tukuna, sannan na monita.

Inci nawa zan saya? Na ji an ce babba ta fi.

Ban yarda da wannan ba. Girma daban, yawan ɗigo daban. Monita mai ɗigo 1920 da 1080 a inci 24 tana ba da kusan ɗigo 92 a kowane inci, rubutu ya fito tas. Ka shimfiɗa wannan adadin a inci 27, ya sauka zuwa kusan 82, ka fara ganin gefen haruffa kamar haƙoran zarto, kuma ba ka ƙara filin aiki ko kaɗan ba. Idan inci 27 kake so, nemi mai 2560 da 1440. Ga mai aikin rubutu da lissafi, inci 24 nake ba shi shawara kullum, kuma ya nemi irin allon da ake kira IPS, mai riƙe launinsa ko ta gefe aka kalla. Mai araha da ake kira TN launinsa yana sauyawa da zarar ka karkata kai, wanda mai zanen kati ko gyaran hoto ba zai jure ba.

Talabijin ɗin falo fa?

Don kallo da nuna wa jama'a abu, ta yi. Don zama a yi rubutu awa huɗu, ido zai gaji. Idan ta yanke gefen hoton, shiga saitin girman hoto na talabijin ɗin ka gyara.

Na haɗa komai, allo baƙi ƙirin.

Kada ka yi saurin cewa ta lalace. Da farko danna maɓallin jikin monitar ka zaɓi mashigar da ka sa wayar, domin tana iya zama tana jiran VGA alhali kai HDMI ka sa. Sannan a Windows ka danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito. "Duplicate" yana maimaita abin da ke laftof a monita, shi ne na koyarwa. "Extend" yana mayar da allunan biyu fili ɗaya, ka ja taga daga wannan zuwa wancan, kuma shi ne dalilin sayen monita tun asali. Idan har yanzu shiru, canza waya kafin ka zargi wani abu. Waya ce ta fi yawan laifi.

Hoto ya fito, sauti ya ɗauke.

HDMI ya kwashe sautin ya kai monitar da ba ta da lasifika. Danna alamar sauti a ƙasa, ka mayar da shi lasifikar laftof.

Zan iya sa monita biyu?

Yawancin laftof na Windows suna iyawa, ɗaya ta HDMI ɗaya ta wani ramin. Ka guji ƙaramin akwatin nan da ke raba HDMI ɗaya zuwa biyu, hoto iri ɗaya zai nuna maka a duka. Masu MacBook Air mai injin M1 ta 2020 da mai M2 su sani monita ɗaya tak Apple ya ba su dama. Sai a M3 ta 2024 aka kai biyu, shi ma sai an rufe murfin laftof ɗin.

Da sola nake aiki. Za ta cinye mini batir?

Monitar LED inci 24 tana cin wajen wat 15 zuwa 25, kuma rage haskenta yana rage cin. Tsofaffin masu kauri da ke da fitilar dogon ƙwai a ciki sun fi haka ci, ga zafi. Ka tuna kuma monita ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa, amma aikinka yana nan, tagoginka za su dawo allon laftof. Idan da janareta kake, sa mata sitabilaiza. A lokacin bazara kuma ban so a rufe murfin laftof ana aiki mai nauyi, domin wasu ta wajen maɓallai suke shan iska.

Ta hannu zan saya. Me zan duba?

Ba laifi ba ne, monitocin ofis na hannu sukan yi ƙarko. Sai dai kada ka biya sai an kunna a gabanka, da laftof ɗinka, ta ramin da za ka riƙa amfani da shi. Buɗe fari tas ya cika allon, ka nemi tabo ko rawaya a gefe. Buɗe baƙi, ka nemi ɗigon da ya maƙale yana haske, sannan ja da kore da shuɗi. Bar ta a kunne minti goma, domin wata sai ta ɗumama take fara ƙifta ido. Girgiza wayar a hankali a ramin ka ga ko hoton zai ɗauke. Ka tabbata an ba ka ƙafarta da wayar wutarta, musamman idan irin mai caja a waje ce, don samun daidai ita daga baya wahala ne. Idan ƙafar ta ɓace, leƙa bayanta: huji huɗu masu tazarar milimita 75 ko 100 na nufin za ta hau kowane maƙalin bango ko na tebur da aka yi bisa wannan ma'aunin.