Tsargiya a Binciken Likitocin Tiyatar Mafitsara

Tsargiya, wadda aka fi sani da fitsarin jini, tana cikin cututtukan da likitocin tiyatar ƙoda da mafitsara suka daɗe suna bincike a kansu. Wata tsutsa mai suna Schistosoma haematobium ce ke haddasa ta. Likita Bajamushe Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851.

Tsutsar tana hayayyafa a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka, ko masunci, ko mai dashen shinkafa. Shi ya sa cutar ta yi katutu a arewacin Kamaru da Chadi: bakin kogin Logone, Tafkin Chadi, gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, da kewayen madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro alamar balaga ce, abin da ke sa a yi sakaci da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu tiyata shi ne ƙwan tsutsar. Ƙwan da bai fita tare da fitsari ba yakan maƙale a bangon mafitsara, wurin ya kumbura, ya yi tabo, ya taurare. Idan aka zura siririyar na'ura mai kyamara, sai a ga wasu wurare kamar an barbaɗa yashi. Tabon na iya matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya taru a sama, ƙodar ta lalace sannu a hankali. Tun 1911 likita Ferguson ya danganta cutar da sankarar mafitsara a Masar, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa tsutsar cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Gwajin ba shi da wuya: a tace fitsarin tsakar rana, a nemi ƙwan tsutsar da madubin likita. Ƙwayar firazikwantel da ake rabawa a makarantu tana kashe tsutsar, amma ba ta warware tsohon tabo, don haka magidancin da ya zo asibitin Garwa ko Injamena da toshewar fitsari sau da yawa tun yana yaro ya kamu. Makarantun koyon likitanci na biranen biyu suna kusa da yankunan da cutar ta fi yawa.