Mece ce hamadar sanyi, kuma me masana ke aunawa a rafukanta?

In aka ambaci hamada, hankali kan tafi ga rairayi da zafin rana. A wurin masana kuwa, ƙarancin ruwan sama ne ma'auni. Hamadar sanyi ita ce ƙasar da ke can ƙuryar kudu ko arewacin duniya, inda sanyi ya kai matuƙa amma abin da ke sauka daga sama bai taka kara ya karya ba.

Fitaccen misali shi ne busassun kwaruruka na McMurdo a nahiyar Antaktika. Abin da ke zuba a can bai kai milimita 100 a shekara ba, shi ma dusar ƙanƙara ce, kuma iska mai ƙarfi kan busar da ita kafin ta jiƙa ƙasa.

Duk da haka akwai rafuka. A watannin Disamba da Janairu rana ba ta faɗuwa, sai ta narkar da gefen tulin ƙanƙarar da ke kan duwatsu, ruwa ya gudana na 'yan makonni sannan ya ɗauke, kamar rafukanmu da ke ƙafewa da rani. Mafi tsawo shi ne kogin Onyx, kilomita 32, wanda ya juya wa teku baya yana zuba a tafkin Vanda. Masanan Niyu Zilan suka fara auna shi a 1969, daga 1993 kuma wani shirin bincike na Amurka ya faɗaɗa aikin.

Aikin na masu haƙuri ne. Na'urar da aka kafa a bakin rafi tana rubuta tsayin ruwa, sanyinsa da gishirinsa duk minti 15, amma dole mutum ya shiga da dogon takalmin roba ya auna gudun ruwan da hannunsa, domin yashi na sauya ƙasan rafin. Gajimare ya rufe rana, cikin sa'o'i ruwan ya ja baya. Babu kifi, sai shimfiɗar gansakuka baƙa da mai launin ruwan lemo da ke bushewa ƙamas mafi yawan shekara, ruwa na taɓa ta ta farfaɗo. Masu binciken ko fitsarinsu ba sa zubarwa a ƙasa, a jarka ake kwashe shi.

A ganina darajar aikin tana cikin daɗewarsa. Da ba a tara awo na shekaru ba, babu wanda zai gane girman ambaliyar da ɗumin ƙarshen 2001 zuwa farkon 2002 ya kawo, wadda ta ɗaga ruwan tafkunan kwarin bayan sun yi shekaru suna raguwa.